Ranar da Na Ƙi Taɓa Ƙafar Surukina

Ni ba na sa hannu a jikin mutum sai na yi masa tambayoyi, kuma wannan halin ya jawo mini baƙar magana a Zuru fiye da duk wani abu da na taɓa yi. Shagona na bayan kasuwa, ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya, gadon tausa a ciki, benci a waje. Duk wanda ya zo sai ya fara zama a kujerar roba, in ɗauko kati da biro. Ina ke ciwo, tun yaushe, faɗuwa ka yi ko haka kawai ya fara, kana da hawan jini ko ciwon suga, wane magani kake sha, an taɓa yi maka aiki. In ya dawo wani makon sai in ciro katinsa in ga abin da na yi masa da yadda jiki ya karɓa. Haka aka koya mini a wani asibiti a Kaduna, inda na yi shekaru ina taya masu gashin ƙashi aiki kafin in dawo gida in buɗe nawa.

Matsalar ita ce a garinmu da wuya ka shiga gida ba ka tarar da soja ko tsohon soja ba, kuma tambayar irin waɗannan mutane ko suna jin ciwo kusan zagi ne. Mutum zai shigo yana jan ƙafa, gumi na zuba, ka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ka ce ina ne wajen, ya ce ba komai, ’yar gajiya ce. Wani tsohon kofur ya taɓa gaya mini cewa tausa ya zo, ba kotu ya zo ba, ya ɗauki hularsa ya fita. Ni kuma ba na iya haɗiye magana, na bi shi har bakin ƙofa na ce masa ya gaida gida, in bayan ya ƙara riƙewa ya san hanya. Ya dawo kuwa, kuma ya amsa tambayoyin yana hura hanci.

Mutum ɗaya ne ban taɓa tunanin zan zaunar in yi wa tambaya ba, shi ne mahaifin matata. Tsohon saje ne, ya yi ritaya ya koma gona a ƙauyensu, Manga. Dogo ne busasshe, kuma har yau yana tafiya kamar ana kallonsa a filin fareti. Tun da na auri ’yarsa, maganar da ta haɗa mu ba ta wuce gaisuwa ba. In na je sai in tuɓe takalmi tun daga ƙofar gida, in durƙusa, in gaida shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi in koma wajen ƙannen matata. Haka kowa ke yi da surukinsa, ba a haɗa ido, ba a jan zance, in akwai magana mai nauyi sai ta bi ta bakin mata.

Amma ni na san bayan kunyar akwai wani abu. Na je ɗaukar soja da ƙuruciya aka dubi tafin ƙafata aka ce a shimfiɗe yake, aka dawo da ni. Kuma ban yi masa golmo ba, wato noman da samarinmu ke yi wa gidan surukai damina bayan damina kafin a ba su mata. Shi ya yi wa uwar matata, ba ya kuma gajiya da ba da labarin. Ni zamani ya ɗauke mini wannan. An taɓa kawo mini gulma cewa in aka tambaye shi aikin mijin ’yarsa, sai ya ce yana murza mutane a bayan kasuwa. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba, na daɗe ina jin ta duk lokacin da na shafa mai a hannuna.

Bara, bayan an gama girbin dawa, ya tafi Legas ganin ɗansa da ke bariki a can. Bai daɗe da dawowa ba, wata safiya ina share shago, matata ta zo da sauri ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba. Ta ce Mama, wato mahaifiyarta, ta kira ta a waya. Gajiyar tafiya ta taru wa Baba a ƙafa, kuma shi da bakinsa ya ce a gaya mini in zo in yi masa tausa. Na sa ta maimaita. Ta maimaita tana dariya, idonta ya kawo ruwa.

A duk shekarun nan bai taɓa neman ko tsinke a wurina ba. Na ji wani daɗi da ban san inda zan ajiye shi ba. Na rufe shago, na ba mutanen da ke kan benci haƙuri, na zaɓi tawul mafi fari, na ɗebi man kaɗen da nake ɓoyewa don manyan baƙi. Muna hawa babur matata ta riƙe rigata ta baya ta ce don Allah, don girman Allah, kar in fara tambayoyin nan nawa. Ta ce Baba ba ɗan kasuwa ba ne, in yi abin da aka kira ni in yi, in tashi. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni ma ai na san kunya. Kuma da gaske nake, na riga na yanke cewa yau katin zai zauna a jaka. Abin da ya iso gare ni ta bakin Mama da bakin matata ya ishe ni: tsoho ne, ya yi doguwar tafiya, ƙafa ta gaji.

Mun tarar da shi a inuwar rumbu, a kan kujerar katako, ya miƙe ƙafar hagu a kan turmin da aka kwantar. Mama ta riga ta ɗora ruwa, tukunya na tafasa a murhu. Akwai ƙanin matata, babban mutum ne mai iyali, da wani maƙwabci tsoho da ya zo gaisuwa ya zauna kallo. Na durƙusa na gaida shi, ya amsa yana kallon kaji. Mama ce ta naɗe masa wando zuwa gwiwa. Na lakato mai, na murza a tafin hannuna har ya narke, na matsa kusa.

Sai na ga ƙafar. Sharaɓar hagu ta kumbura ta yi suntum, fatar ta miƙe tana ƙyalli, ta dama kuwa tana nan siririya kamar yadda na san ƙafar tsohon manomi. Na ɗora bayan hannuna a hankali, ba tare da na danna ba, na ji wajen da ɗumi. Na taɓa ɗayar, sanyi ƙalau. Babu ƙurji, babu rauni, babu alamar cizo. A Kaduna an sha nuna mana irin wannan ƙafar, kuma abin da ake gaya mana kullum shi ne in ka gan ta ka janye hannunka. Jini kan daskare ya yi guda a cikin jijiyar sharaɓa, in aka murza wajen sai gudan ya ɓalle ya bi jini ya je ya toshe huhu. Mutum yana zaune yana hira sai a ga ya kife.

Ban tabbata ba, kuma ba aikina ba ne in tabbatar. Wataƙila jijiya ce ta gurɗe a gona, wataƙila wani abu ne daban. Tambayoyi kaɗan za su nuna mini inda abin ya karkata, ga kuma alkawarin da na yi a kan babur. Na ɗaga ido na dubi matata, ta gane, ta girgiza mini kai a hankali. Na zauna a durƙushe da mai a hannu, kowa na jira.

Na goge hannuna da tawul, na jawo jaka na ciro kati. Tun da ba zan iya yi masa magana kai tsaye ba, sai na juya wajen Mama na ce ta taimaka ta tambayi Baba ko ya faɗi ko ya bugu a ƙafar. Mutumin yana zaune a gabana, gwiwata kusan tana taɓa turmin da ƙafarsa ke kai, amma haka muka yi. Mama ta juya ta tambaye shi, ya ce ta gaya mini bai faɗi ba. Na ce ta tambaye shi yaushe kumburin ya fara. Ya ce ta gaya mini tun da ya sauka daga mota. Na ce yaya ya zauna a motar. A nan ya fara gajiya da ni, ya ce ta tambaye ni ko akwai wata hanyar zama a mota ban da zama. Maƙwabcin nan ya ƙyalƙyale da dariya.

Ƙanin matata ne ya cike mini. Ya ce shi ya tarbo shi a tasha, kuma da ƙyar aka zaro shi, domin an cusa buhuna a ƙarƙashin kujerarsa, ƙafafunsa a naɗe suke tun daga Legas. Mama ta ƙara da cewa ko ruwa bai sha ba a hanya, wai don kar ya roƙi direba ya tsaya masa kamar ƙaramin yaro. Ina rubutawa, duk amsar da aka ba ni sai ta ƙara tura ni inda ba na son zuwa.

Saura tambaya ɗaya, kuma na san in ta bi ta bakin Mama zai share ta da ba komai. Sai na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da nake shiga gidan.

“Baba, numfashinka fa? Kana haki in ka yi tafiya?”

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Ya ce lafiyarsa ƙalau, a ƙafa ciwon yake, ba a ƙirji ba. Amma na ga Mama ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Na jira. Can ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, jiya da ya je duba rumbun da ke kan tudu sai da ya zauna a kan dutse a tsakiyar hanya, kuma a iya zamanta da shi ba ta taɓa ganin ya zauna a wannan hanyar ba. Ya daka mata tsawa ya ce wa ya tambaye ta.

Na rufe kwalbar mai. Na ce, wannan karon ga kowa da kowa, ba zan yi tausar ba, asibiti za a kai shi yanzu yanzu.

Ba zan manta fuskarsa ba. Da fushi ne kawai da sauƙi, na saba da fushin sojoji. Amma abin da na gani ya fi kama da na mutumin da ya miƙa hannu a gaisa aka bar shi a tsaye. Ya sauke idonsa ya ce wa Mama ta gaya mini in kwashe kayana, ya gode. Ya ce da ma ya san ƙafar tsohon manomi ba ta kai a taɓa ta da farin tawul ba. Matata ta fara kuka a hankali, ta ce mini ai ta roƙe ni. Maƙwabcin ya ce yaran yanzu kenan, abu kaɗan asibiti, shi a zamaninsu kwalba ake mirginawa a kan sharaɓa a wuce wajen. Baba ya ce haka ne, ya ce wa Mama ta kawo ruwan zafin da taɓarya ta yi masa da kanta. Ta tsaya tana duban mu biyun, sannan ta je ta sauke tukunyar, ta juye ruwan a baho, ta ɗauko taɓarya.

A nan na gane cewa ƙin da na yi bai tsare komai ba. In na ɗauki jakata na fita da mutuncina, kafin in kai bakin hanya an mirgina taɓarya a kan wannan ƙafar. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na karɓi bahon daga hannun surukata, na juya na kwarara ruwan a ƙasa, tururi ya tashi, kaji suka watse. Na karɓi taɓaryar na jingina ta a bayana. A gidan surukai, a gaban baƙo. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, amma a lokacin zuciya ce ke tuƙa ni, kuma tsoro ne ke tuƙa zuciyar.

“Baba, ba zan taɓa ba, kuma ba wanda zai taɓa. In kana so ka kore ni daga gidan nan har abada, ka kore ni bayan mun dawo daga asibiti.”

Ƙanin matata ya taso, ban sani ba ko duka zai kai mini ko riƙe ni zai yi, shi ma ina jin bai sani ba. Na koma na durƙusa, na yi wa Baba bayani da abin da na san zai shiga kunnensa. Na ce ina tsoron akwai gudan jini a jijiyar, kuma yana nan ne kamar harsashi a bindigar da aka ɗura, bakinta na kallon ƙirjinsa. Wanda duk ya matsa wajen, kunamar bindigar ya ja. Na ce mai yiwuwa ne na yi kuskure, in haka ne kowa ya yi mini dariya har in mutu, na yarda.

Yana kallon ƙafar, ina kallon ƙasa. Sannan ya tambayi ɗansa, ba ni ba, ko akwai mai mota a kusa. Ƙanin matata ya ce ga babur. Na ce a’a, ba za a bar ƙafar tana lilo ana buga ta a ramukan hanya ba. Aka je aka samo wata ’yar bas da ta kawo masu kai dawa kasuwa, muka shimfiɗa masa tabarma a kujerar baya. Ya ƙi a ɗauke shi, sai da Mama ta yi masa magana da yarenmu a hankali, wadda ban ji ba, sannan ya bari ni da ɗansa muka tallafe shi. Jikinsa ba nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni mamaki ya kuma ba ni tausayi.

A hanyar Zuru ba wanda ya yi magana da ni. Matata na gaba tana share hawaye, Mama ta riƙe kan mijinta, ni ina tsugune a tsakanin kujeru na tare ƙafar da hannu biyu don kar ta bugu. Duk ramin da muka faɗa sai in dubi ƙirjinsa in ga ko yana hawa yana sauka. Kuma zan faɗi gaskiya, ban san abin da zan roƙi Allah ba. In aka duba aka ce ba komai, na zubar da ruwan surukata a banza, na kunyata tsoho a gaban maƙwabci, kuma matata za ta riƙa zuwa gidansu ita kaɗai har ƙarshen rayuwarmu. In kuma aka ce akwai, to, mutumin da ke kwance a gabana yana bakin rami. Daga baya na daina zaɓa, na ce Allah Ka kai mu da shi yana numfashi, sauran Ka san yadda za Ka yi.

A asibiti nas ta tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ta ce me ya kawo shi, ya ce ’yar gajiya ce, yara ne suka ɗaga hankalinsu. Na miƙa mata katin da na rubuta a Manga, ta karanta, ta dubi ƙafar, ta shiga da shi ciki da sauri ba tare da mun bi layi ba. Likitan matashi ne mai sanyin magana. Ya sa aka kai Baba ɗakin hoto, inda na’urar da ake duba masu juna biyu take. Da Baba ya ga mata masu ciki a jere a kan benci kuma aka ce ya hau gadonsu, ya ja ya tsaya ya tambayi Mama ko wulaƙancin yau bai ƙare ba. Matan suka yi ta dariya a cikin mayafi, ɗaya ta ce masa Baba Allah Ya raba lafiya. Ko ni da ke cikin tashin hankali sai da na ciji leɓe.

Muka zauna a baranda. Rana ta take, mai sayar da ruwan leda na ta zagaye mu, ba wanda ya saya. Ƙanin matata ya zauna nesa da ni. Ni kuwa ƙamshin man kaɗen da ya rage a hannuna ya dame ni, na yi ta goge shi a wando.

Da likita ya fito sai ya kira mu gefe. Ya ce gudan jini ne, a jijiyar da ke can cikin sharaɓa, kuma hakin da aka ce ya yi jiya bai yi masa daɗi ba, don haka za su kwantar da shi. Sun riga sun yi masa allurar da ke hana jini daskarewa, za a ci gaba da magani na watanni, kuma in komai ya tafi daidai zai koma gonarsa. Ya ce an zo a kan lokaci. Ban ji sauran bayanin sosai ba. Na nemi bango na jingina, na zame na zauna a kan siminti. Matata ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta kama hannun nan mai mai ta riƙe gam. Sai yunwa ta taso mini kamar na yi kwanaki ban ci ba, na aika aka sayo ƙosai, muka ci a tsugune a barandar asibiti kamar marasa gida, har ƙanin matata ya matso ya sa hannu.

Kafin likitan ya wuce ya juyo ya yi wa Mama wata tambaya. Ya ce tun da ƙafar ta kumbura, an murza ta ko an gasa ta da ruwan zafi? Ya ce yana tambaya ne don ya san mutanenmu, da wuya irin wannan ƙafar ta iso gare shi ba a riga an bi ta da kwalba ba. Ni ma sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na yi tambayoyina duka a Manga, wannan ce ban yi ba, ga shi kumburin ya kwana biyu kafin a kira ni.

Mama ta ce ba a taɓa ba. Likita ya ce madalla, ya tafi. Ni dai ban gamsu ba, na ce Mama, ke da ba kya barin ko ciwon kai ya kwana ba ki gasa shi ba, yaya aka yi? Ta gyara ɗaurin zanenta, ta dubi ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi don ta tabbata a rufe take. Ta ce tun ranar da ya dawo take ɗora ruwa safe da yamma, yana sa ta sauke. Maƙwabcin nan ya zo da kwalbarsa, ya kore shi. Wani mai ɗori da ake ji da shi a ƙauyen ya aiko a gaya masa zai zo, ya ce ya sha zamansa. Ciwo ya hana shi barci, amma ya hana kowa kusantar ƙafar, ya kuma kasa buɗe baki ya ce a kira ni sai da ta matsa masa.

“Cewa yake yi, a bar ta. Mijin ’yata aikinsa ne, a Kaduna ya koyo. Ba wanda zai taɓa ni sai shi.”

Ta ce kar in kuskura in nuna masa ta gaya mini. Na ce to. Ƙosan da ke hannuna na kasa kai shi baki, na ajiye a kan takarda, na tashi na zagaya bayan ginin inda ake shanya zannuwan gado, na yi kukana a can ba wanda ya gani.

Da na wanke fuska na dawo, nas ta ce mutum ɗaya zai iya shiga ya zauna da shi, kuma ya ce ba ya son mata su cika masa kunne. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na shiga na durƙusa a gefen gadon na gaida shi. Ya amsa yana kallon silin. An ɗora ƙafar a kan matashi, amma matashin ya zame gefe, diddigensa na gogar ƙarfen gado. Na tsaya ina kallo, ban san ko in taɓa ba.

“Gyara mini,” in ji shi.

Na sa hannu biyu a ƙarƙashin diddigen, na ɗaga a hankali, na mai da matashin wurinsa.